Edgar Schmued: Bakaniken da ya ƙera jirgin sama mai gangar jiki biyu

Da zarar an girbe dawa a ƙauyukan da ke bakin hanyar Tsafe zuwa Gusau, ko waɗanda ke bayan Bunguɗu, kara yakan koma hannun yara. Su zaɓi sille mai kyau, su ɓare ɓawonsa, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, su sossoke ta, kafin la'asar sai ga mota ko jirgin sama da fukafukansa da farfelarsa. A cikin gari kuwa gwangwanin madara da tsohon silifa ne ke maye gurbin kara. Manya sukan gani su wuce, wani ma ya kori yaron ya tafi aike.

A ƙasashen da ake ƙera jirage wannan wasa yana da kasuwarsa. Kamfanoni na sayar da kwali mai ɗauke da ƙananan sassan roba da takardar bayani, mai saye ya zauna da gam da fenti da ƙaramar wuƙa ya harhaɗa samfurin wani jirgi na gaske, komai daidai da ma'auninsa. A cikin ɗaruruwan jiragen da ake harhaɗawa haka akwai wani da kan tsayar da duk wanda ya gan shi a karon farko. Gangar jikinsa biyu ce, hanci biyu, farfela biyu, ɗakin matuƙi biyu, an haɗa su da fiffike guda a tsakiya da wani ƙarami a wajen jela, kamar Hassan da Husaini sun riƙe hannun juna. Sunansa F-82 Twin Mustang, wato Mustang tagwaye. Mutumin da ya jagoranci zana shi, Edgar Schmued, bai taɓa karɓar digirin injiniya daga wata jami'a ba kafin ya fara aikin da ya sa sunansa ya shiga tarihi.

An haifi Schmued ranar 30 ga Disamba, 1899, a Hornbach, wani ƙaramin gari a yammacin Jamus kusa da iyakar Faransa. Mahaifinsa likitan haƙori ne ɗan asalin Austriya. Yana yaro ƙarami ya ga jirgin sama yana shawagi, a zamanin da jirgi bai wuce katako da ƙyalle da waya ba, kuma tun daga ranar zuciyarsa ba ta sake barin wannan abu ba. Karatunsa na injiniya a gida ya yi shi, daga littattafan da ya samu ya duƙufa a kansu shi kaɗai. Daga bisani ya shiga wata ƙaramar masana'antar injuna a matsayin yaron koyo, irin yadda yaro kan shiga gareji a Gusau ya fara da wanke sufana. A nan ya koyi ƙarfe da hannunsa, har ya ƙirƙiro wasu sassan inji da aka yi masa rajistar mallakarsu.

Zamanin bai yi wa matashi mai son jirage daɗi ba. Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta haramta mata mallakar jiragen yaƙi, sannan kuɗinta ya lalace lalacewar da 'yan kasuwa ke ba da labarinta har yau: a watan Nuwamba 1923 dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2. A 1925 Schmued ya tattara ya nufi Barazil, inda 'yan'uwansa suka riga shi zuwa, ya kama aikin motoci a harkar kamfanin General Motors a birnin São Paulo. A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Nuwamba, jiragen sojan Birtaniya uku da suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham suka sauka a Kano, karon farko da jirgin sama ya sauka a birnin. Wato a lokacin da Kanawa ke kallon jirgi a karon farko, mutumin da zai ƙera ɗaya daga cikin jiragen yaƙi mafi shahara a duniya yana can yana fama da injin mota.

Shiga Amurka a lokacin ba abu ne mai sauƙi ba, domin dokar 1924 ta ƙayyade adadin baƙin da za a karɓa daga kowace ƙasa. Ingancin aikinsa ne ya sa General Motors ta tsaya masa, ya shiga ƙasar a farkon shekarun 1930 ya kama aiki a reshen kamfanin Fokker na Amurka da ke jihar New Jersey, wanda General Motors ke da hannu a ciki. Bayan sauye-sauyen suna da haɗe-haɗe, kamfanin ya zama North American Aviation, kuma a 1934 aka ɗauko James Kindelberger daga kamfanin Douglas ya shugabance shi. Kindelberger ya yanke shawarar kwashe masana'antar zuwa Inglewood, kusa da Los Angeles, a ɗaya ƙarshen ƙasar.

Matar Schmued, Luisa, ba ta so wannan ƙaura ba, don haka ya bar aikin ya koma kamfanin Bellanca. Bai daɗe a can ba aka sake nemansa. Ya ɗauki iyalinsa a mota suka nufi yamma, a hanya suka yi mummunan karo da wata motar. Luisa ta rasu, shi kuma ya ji rauni mai tsanani. Sai a 1936 ya iya komawa teburin zane, a sashen da ake fara tsara siffar jirgi kafin a miƙa wa sauran injiniyoyi, kuma daga baya ya zama shugaban wannan sashe.

Cinikin da ya haifi Mustang

A farkon 1940 Birtaniya na cikin yaƙi da Jamus, kuma masana'antunta ba su iya ƙera jiragen da take buƙata ba. Ta aika da kwamitin saye zuwa Amurka ƙarƙashin Sir Henry Self. Jirgin yaƙin da ake iya samu a lokacin shi ne Curtiss P-40, sai dai kamfanin Curtiss ya cika da oda. Turawan Ingila sun riga sun san North American, domin sun sayi jiragen koyon tuƙi da suke kira Harvard a wurinsa, sai suka nemi ya riƙa ƙera musu P-40 da izinin Curtiss.

Wannan jirgi na P-40 ba baƙo ba ne a sararin Arewa. Daga watan Satumba 1940 jiragen ruwa sun riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake harhaɗa su, sannan a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan zuwa Masar. Fiye da jirage 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943, kuma P-40 na cikinsu.

Kindelberger bai so ya zama mai ɗinka rigar wani ba. Ya shaida wa kwamitin cewa kamfaninsa zai iya ƙera sabon jirgi da ya fi P-40, da inji iri ɗaya, cikin lokacin da za a ɓata wajen shirya masana'anta don ƙera na Curtiss. Magana ce mai nauyi daga kamfanin da bai taɓa yin fice a jiragen yaƙi ba, kuma abin da ya dogara da shi shi ne zane-zanen da Schmued ya daɗe yana yi a gefe. A watan Mayu 1940 aka amince da odar jirage 320. Umarnin da aka ba Schmued gajere ne: ya zana jirgi mafi gudu da zai iya, a kewaye da mutum mai tsawon ƙafa 5 da inci 10 da nauyin laba 140, wato kilo 63 da ɗoriya. Aka nemo ma'aikaci mai wannan jiki aka zaunar da shi, aka auna, sannan aka gina sauran jirgin a kansa.

Abubuwa biyu suka bambanta wannan jirgi. Na farko lagireto. Injin da ake sanyayawa da ruwa dole ya sha iska, kuma duk inda aka buɗe wa iska baki a jikin jirgi gudu na raguwa. Aka mayar da lagireton ƙarƙashin ciki, bayan matuƙi, cikin wani bututu da aka tsara yadda iskar da ta ɗumama za ta fita ta baya da ƙarfi, ta rama mafi yawan gudun da aka rasa. Na biyu fiffike, wanda aka ɗauko tsarinsa daga binciken hukumar NACA ta gwamnatin Amurka, mai kauri can wajen tsakiya maimakon gaba, don iska ta bi shi sumul.

A nan ne ƙaramin samfuri ya kusa kashe babban jirgi. Kafin a yanka ƙarfe, injiniyoyi sukan sassaƙa samfurin jirgin su sa shi a wani dogon zaure da ake hura iska mai ƙarfi, su auna yadda take bin jikinsa. Gwajin farko da aka yi a zauren jami'ar Caltech ya nuna sabon fiffiken yana da matsala. Masanin iska na kamfanin, Edward Horkey, ya yi zargin cewa zauren ne ya yi wa samfurin ƙanƙanta, bangonsa na dagula iskar. Aka ɗauki samfurin zuwa zaure mafi girma a Jami'ar Washington da ke Seattle, sai ga fiffiken lafiya lau. Da an yarda da gwajin farko, da an koma wa tsohon tsari.

Cikin kwana 102 aka turo jirgin farko daga masana'anta, a watan Satumba 1940, ba inji a cikinsa domin kamfanin Allison bai kawo ba tukuna, tayoyinsa ma aro ne daga jirgin koyo. Ranar 26 ga Oktoba matuƙi Vance Breese ya tashi da shi. Ingilawa suka raɗa masa suna Mustang, sunan dawakin jeji na Amurka.

Injin Allison yana da ƙarfi a ƙasa-ƙasa, amma yakan yi sanyi idan an yi sama sosai inda iska ba ta da kauri. A watan Afrilu 1942 wani matuƙin gwaji na kamfanin Rolls-Royce, Ronald Harker, ya tuƙa Mustang ya ba da shawarar a sa masa injin Merlin na Ingila. Kamfanin Packard ya riga ya fara ƙera Merlin a Detroit da lasisi, sai aka haɗa jikin Amurka da injin Ingila. Buƙatar ta kai wuya a lokacin: a harin Schweinfurt na 14 ga Oktoba 1943, manyan jiragen ruwan bama-bamai 60 na Amurka ba su dawo ba, saboda babu jirgin rakiya mai dogon zango da zai kare su har can. A watan Maris 1944 Mustang ya raka su har Berlin ya dawo. An ƙera fiye da 15,000, kowane ɗaya a kan kimanin dala 51,000 a 1945, kuma baƙaƙen matuƙan Amurka da aka sani da 'yan Tuskegee da shi suka yi suna a Italiya, da jelarsa mai jan fenti.

Nasara tana da iyaye da yawa. Bayan yaƙi mataimakin shugaban kamfanin, Lee Atwood, ya riƙa nuna cewa tunanin jirgin daga wurinsa ya fito, Horkey da wasu abokan aiki kuwa suka tsaya kan cewa Schmued ne ginshiƙin zanen. Wasu suka ce ai kwaikwayon Curtiss ne, tun da Ingilawa sun sa North American ya sayi bayanan gwajin Curtiss a kan dala 56,000. Wasu ma suka yaɗa cewa Schmued tsohon ma'aikacin Messerschmitt ne da ya sato sirrin Jamus, alhali ya bar Turai shekara goma kafin jirgin Messerschmitt Bf 109 ya fara tashi a 1935. Gaskiyar da ta fi kusa ita ce aikin na mutane da yawa ne, amma siffar jirgin daga hanci zuwa jela a teburin baƙon nan mai karyayyen Turanci ta fito.

Dalilin tagwaye

A ƙarshen 1943 hankalin Amurka ya fara komawa tekun Pasifik. Can nisa ne abokin gaba. Manyan jiragen B-29 za su riƙa tashi daga tsibirai masu nisan dubban kilomita zuwa Japan, kuma suna buƙatar rakiya. Ana iya ƙara wa Mustang tankin mai, amma ba a iya ƙara wa mutum ɗaya juriya. Matuƙin da ya shafe awa bakwai ko takwas a ɗaure cikin wuri mai faɗin kujera, shi ne mai tuƙi, shi ne mai duba taswira a kan teku marar alama, shi ne kuma mai faɗa, yakan dawo a sauke shi kamar kaya.

Amsar Schmued ita ce jiki biyu, inji biyu, mutum biyu. Ɗaya ya tuƙa ɗaya ya huta, kamar direbobin tirela da ke karɓar juna a doguwar hanya, in kuma inji ɗaya ya mutu a tsakiyar teku, ɗayan ya kai su gida. Ba shi ne ya fara tunanin ba. Italiyawa sun yi Savoia-Marchetti S.55 mai ƙwarya biyu da ke sauka a kan ruwa tun shekarun 1920, Jamusawa kuma sun haɗa jiragen Heinkel He 111 biyu suka sa musu inji biyar don jan manyan jirage marasa inji. Amma nasa ne ya zama jirgin faɗa da aka ƙera da yawa, ya kuma shiga fagen daga.

Mai kallo zai ɗauka Mustang biyu aka manne, kuma wannan shi ne kuskuren da sabon mai harhaɗa samfuri kan fara yi, ya sayi kwali biyu na P-51 yana zaton zai fitar da tagwaye. Ba ya yiwuwa. An ƙara wa kowace gangar jiki tsawon inci 57, kusan mita ɗaya da rabi, a bayan ɗakin matuƙi. An ƙara girman jela, an sauya wurin tayoyi, an ɗauke bindigogi shida daga fukafukan gefe an tara su a fiffiken tsakiya. Sassan da tagwayen suka yi tarayya da Mustang na asali kaɗan ne. Sabon jirgi ne da ya ari fuskar tsoho.

Da aka kammala na farko, XP-82, a watan Mayu 1945, aka kai shi filin tashi, ya yi gudu, ya ƙi ɗagawa. An yi kusan wata guda ana neman dalili. Ashe farfelun ne. An tsara su su riƙa juyawa a saɓanin juna, don kada ƙarfinsu ya karkatar da jirgin gefe ɗaya, kuma an sa su yadda ruwan kowace farfela ke hawa sama idan ya zo tsakiya. Iskar da suke turawa ta wannan hanya sai ta riƙa lalata aikin fiffiken tsakiya, wanda shi ne kusan rubu'in faɗin fukafukan jirgin gaba ɗaya. Maganin bai ci kuɗi ba: aka musanya injunan, na dama ya koma hagu na hagu ya koma dama, farfelun suka riƙa haɗuwa a tsakiya suna sauka ƙasa. A watan Yuni jirgin ya tashi. Mutanen da suka yi Mustang cikin kwana 102 sun shafe wata guda a kan abin da yaro mai farfelar kara zai iya gwadawa da bakinsa, kuma babu abin kunya a ciki, domin lissafinsu na farko yana da hujjarsa a takarda.

Masu harhaɗa samfurin wannan jirgi har yau sukan faɗa ramin nan. A cikin kwalin akwai farfela biyu da suka yi kama, amma karkatar ruwansu ta saɓa, kuma wanda bai lura ba yakan manna su a juye, ya gina jirgin da ba zai tashi ba ko da na gaske ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1 cikin 72, wato kowane santimita 72 na jirgin gaske ya zama santimita 1. Faɗin fukafukan F-82 mita 15.6 ne, don haka samfurin bai kai santimita 22 ba, kimanin taƙi ɗaya. Wannan ma'auni ya samo asali ne a Ingila a shekarun 1930, inda kamfanin FROG ya fito da kwalayen roba na farko a 1936, kuma a 1942 rundunar ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfura 500,000 a kansa don koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokin gaba. Kamfanin Monogram ya fitar da kwalin F-82 a shekarun 1970.

Wahalar aikin tana wajen daidaito. Jirgi mai jiki ɗaya in ya ɗan karkace ido ba ya saurin kamawa. Mai jiki biyu kuwa kowane ɗaya ma'aunin ɗan'uwansa ne, kuma an ɗaure su a wuri biyu, a fiffiken tsakiya da a jela, don haka kuskuren da bai kai kaurin farce ba a gaba yakan fito fili a baya. Ƙwararru sukan fara jera sassan ba gam, su kankare inda ya yi tudu, su ja layi biyu a kan allo su ɗora jikkunan a kai, sannan su manna fiffiken tsakiya da na jela a zama ɗaya kafin gam ya bushe. Sai kuma zaɓen launi: na rakiya farin ƙarfe ne, na farautar dare kuwa baƙi ne mai sheƙi, da wani dogon tulu na na'urar rada da ke rataye a ƙarƙashin fiffiken tsakiya, ya zarce farfelun ta gaba. A irin wannan na dare, mutumin da ke ɗakin dama mai kula da rada ne, ba ya tuƙi.

Tagwayen sun zo a makare. An kama tsibirin Iwo Jima a watan Maris 1945, abin da ya ba Mustang na asali damar kaiwa Japan, kuma a watan Agusta yaƙin ya ƙare. Odar jirage 500 ta koma 20. Amma ranar 27 ga Fabrairu 1947 ɗaya daga cikinsu, mai suna Betty Jo, sunan matar matuƙinsa Robert Thacker, ya tashi daga Hawaii da John Ard a ɗaya ɗakin, bai sauka ba sai New York. Sun ci mil 5,051, sama da kilomita 8,100, cikin awa 14 da minti 32, duk da cewa wasu daga cikin tankunan mai na waje ba su rabu da jirgin ba bayan sun ƙare, suka yi ta jan su har ƙarshe. Wannan nisa ya fi tafiyar Kano zuwa Jidda da dawowa, kuma har yau babu jirgin faɗa mai farfela da ya yi tafiya mai tsawon haka ba sauka.

Abin da ya biyo baya duk ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin ba da kwangila zai gane shi. Kowane injin Merlin da aka ƙera a Amurka sai an biya Rolls-Royce kuɗin lasisi, kuma bayan yaƙi hukumomi sun fi son inji na gida. Aka ba da umarnin a koma wa Allison, reshen General Motors. Injin da aka kawo bai kai Merlin ƙarfi a sama ba, yana yawan ba da matsala, kuma ya makara, har jiragen da aka gama suka zauna a ajiye suna jiran inji. Aka wayi gari tsofaffin tagwaye masu Merlin da aka bar wa masu koyo sun fi sababbin da aka ba mayaƙa gudu. An yi tattalin kuɗin lasisi, an biya da ingancin jirgi.

Duk da haka, da yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yuni 1950, F-82 da ke Japan ne ke da zangon da zai kai yankin Seoul ya daɗe yana gadin kwashe fararen hula. Ranar 27 ga watan, William Hudson da mai radarsa Carl Fraser suka harbo wani jirgin Koriya ta Arewa ƙirar Yak kusa da filin Kimpo, wanda aka lissafta a matsayin na farko da Amurka ta kakkaɓo a wannan yaƙi. Sai dai jirage 272 kawai aka ƙera, kuma ba a yi tanadin kayan gyara mai yawa ba domin ana ganin zamanin farfela ya ƙare. Makanikai suka koma cire na wannan a sa wa wancan, har adadin ya ƙare. A 1953 aka ajiye na ƙarshe a Alaska. Shi ne jirgin faɗa mai injin fistin na ƙarshe da sojan saman Amurka ya ba da odar ƙerawa.

Schmued kansa ya riga ya wuce gaba. Yana cikin waɗanda suka tsara F-86 Sabre, jirgin jet mai fukafukai da suka karkata baya, wanda ya fara tashi ranar 1 ga Oktoba 1947 ya kuma kara da MiG-15 a Koriya, sannan ya sa hannu a farkon aikin F-100. A 1952, bayan shekara 22, ya bar North American ya koma kamfanin Northrop a matsayin mataimakin shugaba mai kula da injiniyoyi. A lokacin kowa na ƙera jirage masu ƙara girma da nauyi da tsada. Shi da tawagarsa suka juya baya ga wannan yayi, suka tsara ƙaramin jirgi mai ƙananan injuna biyu na General Electric, mai sauƙin gyara, wanda ƙasa mai ƙaramin ƙarfi za ta iya saya ta kuma iya riƙewa. Daga wannan zane aka samu T-38, jirgin koyo da ya fara tashi a 1959 kuma sojan saman Amurka da hukumar NASA suka yi ta amfani da shi fiye da shekara sittin, da kuma F-5, wanda a Afirka ƙasashe irin su Maroko da Tunisiya da Habasha da Kenya suka mallaka.

Ya bar Northrop bayan shekara biyar ya koma ba da shawara ga kamfanoni da hukumomi. Ya rasu ranar 1 ga Yuni 1985 a Oceanside da ke jihar California, yana da shekara 85. Sai a 1991, shekara shida bayan rasuwarsa, aka sa sunansa a zauren karrama gwarzayen sufurin sama na duniya da ke San Diego. Betty Jo kuwa tana Dayton, jihar Ohio, garin 'yan'uwan nan Wright, a gidan tarihin sojan sama.

Tagwaye kaɗan ne suka tsira daga masu sayen tsohon ƙarfe. Ɗaya daga cikinsu, XP-82 na biyu, ƙanen wanda ya ƙi tashi a 1945, wani mai gyaran tsofaffin jirage mai suna Tom Reilly ya tattaro ragowarsa ya shafe kimanin shekara goma yana sake gina shi a garin Douglas na jihar Georgia, yana neman sassa ɗaya bayan ɗaya, abin da bai samu ba ya ƙera. Ranar 31 ga Disamba 2018 aka fito da shi don gwajin gudu a ƙasa kawai. Matuƙi Ray Fowler ya ba shi wuta, jirgin ya ɗaga, filin da ya rage bai isa a tsayar da shi ba, sai ya zagaya da shi na 'yan mintoci ya sauko.